Kwana 15 a gadon asibiti: jinyar wata dattijuwa a Zariya bayan an yanke mata sashen huhu

Wannan bayanin jinyar wata mata ce 'yar shekara 56, mazauniyar cikin birnin Zariya, wadda aka yanke wa sashe ɗaya na huhun dama saboda kansa. Aikin kansa ya tafi daidai, amma kwanciyar da aka ƙiyasta mata ta mako guda sai da ta kai kwana 15. Ina cikin masu koya wa majinyata numfashi da motsa jiki bayan tiyata, waɗanda ake ce wa 'yan fisiyo a asibiti, kuma ina cikin waɗanda suka kula da ita. Da yardarta da ta 'ya'yanta na rubuta wannan. Na sakaya sunanta da na asibitin, zan riƙa ce mata Hajiya kamar yadda muke kiranta a ɗaki.

## Afrilu zuwa Nuwamba: tarin da ya ƙi jin magani

Hajiya ta fi shekara 30 tana tuyar ƙosai da waina a zauren gidansu, safe da yamma, a kan murhun itace. Ba ta taɓa shan taba ba, marigayi maigidanta ma bai sha ba. Haihuwarta tara, bakwai na raye. Ciwon da aka san ta da shi olsa ce kawai.

A watan Afrilu ta fara busasshen tari. Aka yi ta zaryar kemis ana karɓo ruwan maganin tari da kafso, a gida kuma ana haɗa mata zuma da citta da lemon tsami. Zuwa Yuni ta fara ramewa, sai aka kai ta wani asibitin unguwa, hoton ƙirji ya nuna tabo a saman huhun dama. Nan ne tarin fuka, wato tibi, ya fi son zama, ga shi Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tibi, don haka hankalin kowa can ya tafi. An auna kakinta sau biyu da na'urar GeneXpert, ba a ga ƙwayar cutar ba. Duk da haka a Yuli aka ɗora ta a kan maganin tibi, wanda ake sha wata shida kyauta. Ta sha ba fashi. Bayan wata uku tari yana nan, nauyinta ya sauko daga kilo 64 zuwa 58, sannan ta fara ganin zaren jini a kaki.

A Oktoba aka yi mata hoton sikanin na ƙirji, aka ga ƙari mai faɗin santimita 3.4. Aka zura allura ta tsakanin haƙarƙari aka ɗebo ɗan tsoka, sakamako ya fito a Nuwamba: kansar huhu ce, nau'in adinokasinoma, wadda ita ce ta fi kama mata da waɗanda ba sa shan taba. 'Ya'yan sun yi ta maimaita tambaya ɗaya, cewa ba mashaya taba wannan ciwo ke kamawa ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce sanadin kusan kashi 85 cikin 100. Sauran kuwa ba taba ce sanadinsu ba, kuma cibiyar hukumar ta binciken kansa, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa hayaƙin itacen girki na cikin gida a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa.

Yawancin masu wannan ciwo suna isowa ne bayan ya bazu, lokacin da wuƙa ba ta da sauran amfani. Na Hajiya bai fita daga ƙirji ba, awon ƙarfin huhu da na zuciya kuma sun nuna za ta ɗauki aiki. 'Yan'uwa suka yi karo-karo, aka sayar da wani fili da ta saya da kuɗin adashi. An yi wa ita da babban ɗanta bayanin aikin da haɗarinsa, suka sa hannu. Bayanin abin da za a nema daga gare ta bayan ta farfaɗo kuwa a taƙaice aka yi shi, kuma 'yarta da za ta zauna jinya ba ta wurin.

## Ranar aiki da washegari

A farkon Disamba aka shiga da ita, sanyin hunturu ya kankama. Huhun dama sassa uku gare shi, na hagu biyu. An buɗe ta gefen ƙirji tsakanin haƙarƙari, aka cire sashen sama na dama gaba ɗaya tare da kaluluwar da ke kewaye da shi. Aikin ya ci kusan awa huɗu, an ƙara mata jini leda ɗaya. Kafin a ɗinke, an yi mata allurar kashe jijiyoyin tsakanin haƙarƙari, wadda ke riƙe ciwo na wasu awoyi.

Ta fito da roba biyu a ƙirji, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace ta sauka cikin kwalba mai ruwa a ƙasan gado. Aikinsu fitar da iska da jini da ruwan da ke taruwa, don sassan biyu da suka rage su buɗe su cike gurbin wanda aka cire. Ruwan kwalbar yana barin iska ta fita, ya hana ta komawa. Ta kwana ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman, iskar jininta, wato awon oksijin da ke cikin jini, kashi 96 cikin 100 da taimakon oksijin.

Washegari aka dawo da ita ɗakin mata. Mun zaunar da ita a bakin gado, muka ba ta 'yar robar nan mai ƙwallaye uku da ake zuƙa, ta ɗaga ƙwallo ɗaya. Aka fara mata allurar tsinka jini a fatar ciki don gudun daskarewar jini a ƙafa. A takardarta an rubuta farasitamol kowace awa shida, da allurar kashe ciwo mai ƙarfi ta mofin “idan ta nema”. Ba a ba ta magungunan ciwo irin su daikulofenak ba saboda olsa. Duk wanda ya tambaye ta ya jiki, amsarta ɗaya ce: “Da sauƙi, alhamdulillahi.”

## Kwana na 2 zuwa na 4: huhu ya like

Rana ta biyu allurar jijiya ta gama sakinta. Numfashinta ya koma sama-sama, 26 a minti. Ƙwallon da ta ɗaga jiya yau ko motsi bai yi ba. In muka ce ta yi tari sai ta yi ɗan gyaran murya ta ce babu abin da zai fito. Mofin ba ta nema ba ko sau ɗaya.

Da muka zo tayar da ita tsaye, 'yarta ta tare mu cikin ladabi: “Don Allah likita ku bar Umma ta huta, jiya-jiya fa aka tsaga ta.” Hajiya ta rufe ido, ba ta ce komai ba. Daga azahar zuwa magariba 'yan dubiya ba su yanke ba, daga cikin gari da Tudun Wada da Sabon Gari, har da dangi daga Giwa. Ita kuma tana kishingiɗe tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, tana danne tari don kada ta tofar da kaki a gaban surukai. Wata maƙwabciya ma ta kawo kwalbar maganin tari, nas ta karɓe kafin a ba ta.

Daren kwana na uku zazzaɓi ya kai 38.4, bugun zuciya 118, iskar jini ta sauko 88 duk da oksijin. Hoton ƙirji ya nuna sashen ƙasa na huhun dama ya like. Yadda abin ke faruwa shi ne, bayan maganin barci da taɓa huhu, majina tana ƙaruwa. In ba a yi dogon numfashi da tari mai ƙarfi ba sai ta taru ta yi kauri ta toshe hanyar iska, sashen da ke bayan toshiyar ya saki iskarsa ya like, ƙwayoyin cuta kuma su samu wurin zama. Daga nan nimoniya ke shiga, kuma ita ce ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mutum bayan aikin huhu.

An canza mata maganin kashe ƙwayoyin cuta zuwa mai ƙarfi ta jijiya. An sa mata turirin ruwan gishiri ta na'ura sau huɗu a rana don majinar ta yi laushi, an ƙara oksijin, mu kuma muka ƙara yawan zuwa. Zazzaɓi ya ɗan sauka, iskar jini ba ta wuce 90 ba. Rana ta huɗu babban likita ya yanke shawarar a zura 'yar kyamara ta maƙogwaro a zuƙe majinar. An fito da dunƙule mai kauri da yauƙi, kafin yamma iskar jini ta hau 94, hoto ya nuna sashen ya buɗe. Wannan aiki ya ci kuɗin da iyalin ba su yi tanadinsa ba.

## Kwana na 5: tambayar da aka canza

Da daren kwana na biyar ƙirjin ya sake fara ƙara, iskar jini ta koma 91. Wata tsohuwar nas da ke aikin dare ta lura Hajiya ba ta juyi ko kaɗan, hannunta na riƙe da ƙarfen gado, goshinta na zufa cikin wannan sanyi. Ba ta tambaye ta ya jiki ba. Ta ja kujera ta zauna, ta jira 'yar ta fita alwala, ta ce: “Hajiya, ki yi mini tari ɗaya mai ƙarfi, ina kallonki.” Ta gwada, ta tsaya a tsakiya, hawaye suka zubo. Nas ta ɗaga yatsunta goma ta ce, in goma shi ne ciwon da babu na sama da shi, nawa take ji a kwance, nawa kuma in ta yi tari. Ta ce a kwance uku, da tari tara. Sai ta ƙara da cewa: “'Yar nan, na haifi tara ba wanda ya ji muryata, amma wannan ya fi naƙuda.”

Da aka tambaye ta me ya hana ta neman allura, ta ba da dalili biyu. Na farko, tana ganin raki ne babbar mace ta riƙa kiran ma'aikata a kan ciwo, bayan Allah ya tashi kafaɗarta daga aiki irin wannan. Na biyu, ta ji babban ɗanta yana gaya wa ƙannensa cewa kada a bari a saba mata da “wannan allurar”.

Da safe aka zauna da shi. Tsoronsa yana da tushe. Ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samari da matan aure a unguwarsu, har ta kai gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Da ya ji cewa mofin danginsu ɗaya, sai ya ɗauka hanyar da za a sa mahaifiyarsa ke nan. Likitan da ke ba da maganin barci ya yi masa bayani a natse: magani ne da za a ba ta da awo, na 'yan kwanaki, a gaban ma'aikata, a riƙa rage shi yayin da ciwon ke lafawa. Ya nuna masa hotuna biyu, na huhun da ya like da na bayan an zuƙe majina, ya ce in ba ta iya tari ba, hoton farko za a koma. Ɗan ya yi shiru, sannan ya shiga ya durƙusa gefen gadon ya ce: “Umma, ki yafe ni, duk abin da suka ba ki ki karɓa.”

Ranar aka sake tsarin gaba ɗaya. An maimaita allurar kashe jijiyoyin haƙarƙari. Farasitamol giram ɗaya kowace awa shida ya ci gaba, mofin kuma aka mayar da shi kan agogo, ɗan kaɗan kowace awa huɗu, ba sai ta nema ba, da ƙarin awo rabin awa kafin mu zo. Aka haɗa mata da maganin sakin ciki, don mofin yana ɗaure ciki. A takardar da ke ƙafar gadonta aka buɗe layi biyu, ciwo a kwance da ciwo da tari.

## Kwana na 6 zuwa na 9: tashi tsaye

Ciwon tari ya sauko daga tara zuwa huɗu. Mun naɗe zani muka ba ta ta danna a kan ɗinkin da hannu biyu. Za ta ja numfashi a hankali ta hanci har ƙasan ƙirji, ta riƙe daƙiƙa uku, ta saki. Bayan ta yi haka sau uku zuwa huɗu sai ta yi huci mai ƙarfi da baki buɗe, sannan tari. A zaman farko ta cika murfin kwano da kaki mai ruwan ƙasa.

Maimakon mu ce “kowace awa”, sai muka ɗaura aikin a kan abin da ta riga ta riƙe. Tana taimama tana salla a zaune, ba ta bari lokaci ya wuce. Muka yi da ita cewa bayan kowace salla akwai tafiya, tsakanin salloli kuma duk sanda ta ɗauki carbi ta ware ƙwaya goma na dogon numfashi. 'Yarta ce aka ba riƙon lissafi. Wadda ta tare mu a rana ta biyu ita ce ta koma tana cewa: “Umma, an yi la'asar fa, a tashi.” An rage 'yan dubiya zuwa awa ɗaya bayan la'asar, mutum biyu-biyu, kuma nas ce ta sanar da su don kada nauyin ya hau kan iyalin.

Rana ta shida ta kai ƙofar ɗaki ta dawo, kamar mita 10. An cire robar ƙasa saboda ruwan da ke fita ya ragu. Rana ta bakwai zazzaɓi ya tafi. Rana ta tara ta yi mita 150 a baranda ba oksijin, iskar jini 95, tana ɗaga ƙwallo biyu.

Abinci ma an gyara. Kunu da shayi kawai take sha, don wasu 'yan dubiya sun ce nono da ƙwai suna ƙara majina. Aka dawo mata da dafaffen ƙwai, kindirmo, alale da kifi, da gwanda da kwaɗon zogale saboda ciki.

## Yoyon iska: kwana na 5 zuwa na 13

Ana cikin wannan duka, kwalbar robar sama ba ta daina kumfa ba. Inda aka raba sashen da aka cire da sauran huhu, akan samu 'yan ƙofofin da iska ke tsiyaya. Yawanci suna toshewa da kansu cikin kwana biyu zuwa uku. In sun wuce kwana biyar ana lissafa shi yoyo mai tsawo, kuma yana cikin abubuwan da suka fi tsawaita kwanciya bayan irin wannan aiki.

Daga rana ta biyar an haɗa kwalbar da na'urar zuƙa ta jikin bango. Kumfa bai ragu ba, ga shi sai an kwance ta duk lokacin tafiya. Rana ta takwas aka cire, aka bar kwalbar ruwa kawai.

Daren ranar aka yi wani tashin hankali. Ƙanwar Hajiya ta zo daga ƙauye ta karɓi 'yar don ta je gida ta yi wanka. Ta ga kumfa na tashi duk sanda yayarta ta yi tari, sai ta ɗauka numfashinta ne ke zubewa, ta lanƙwasa robar ta ɗaure da ƙyauro. Cikin ɗan lokaci Hajiya ta fara haki, wuyanta da gefen ƙirji suka kumbura, in an taɓa fatar sai a ji tana ƙaras-ƙaras. Iskar da ta rasa hanyar fita ce ta taru a ƙirji ta kutsa ƙarƙashin fata. Nas ta bi robar da hannu ta ga ɗaurin ta kwance, iska ta fita da ƙarfi, numfashi ya daidaita. Kumburin ya ɗauki kwanaki kafin ya sace. Washegari aka tara duk masu jinyarta aka nuna musu: kwalba kullum tana ƙasa da ƙirji, a tsaye, ba a ɗora ta kan gado, ba a lanƙwasa roba, ba a kwanciya a kanta, kumfa kuma alama ce cewa robar na aikinta.

Rana ta goma yoyo na nan. Likitoci suka yi mata faci da jininta: aka ɗebi mililita 100 daga hannunta aka tura ta cikin robar zuwa ƙirji, aka rataya robar a kan ƙarfen ƙarin ruwa yadda jinin zai zauna ciki amma iska ta samu fita, tana juyawa gefe zuwa gefe. Jinin yana daskarewa ya rufe ƙofofin. Rana ta 11 kumfa sai da tari mai ƙarfi, rana ta 12 babu. Rana ta 13 hoto ya nuna huhu a buɗe, aka cire robar. A lokacin an riga an daina mofin kwana biyu, kuma ba ta sake tambayarsa ba.

## Sallama da watanni shida na gaba

Rana ta 14 ta hau matakala hawa ɗaya ta sauko, iskar jini ba ta faɗi ƙasa da 93 ba. Rana ta 15 aka sallame ta da farasitamol. An ce ta sa takunkumi in za ta fita saboda ƙurar hunturu, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗakinta, kada ta ɗauki kaya mai nauyi har mako shida, ta riƙa hawa bango da yatsun hannun dama don kada kafaɗa ta riƙe. In ta ga zazzaɓi, haki sabo, jini a kaki, kumburin ƙafa ɗaya ko ruwa daga ɗinki, ta dawo a ranar.

Awon sashen da aka cire ya nuna an yanke ƙarin da tsabtataccen gefe, amma an samu kansar a kaluluwa ɗaya ta kusa da shi. Wannan ya sa ciwon a mataki na biyu. A mako na bakwai ta fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, zagaye huɗu, mako uku tsakani. Ta sha wahalar amai da kasala, amma ta kammala. Wani zugi da dindiris a ƙasan nonon dama, daga jijiyar da aka taɓa, ya bi ta kusan wata huɗu kafin ya lafa. Hoton sikanin na wata shida bai nuna komai ba, za a ci gaba da maimaita shi. Nauyinta ya dawo kilo 61. Surukarta ce ke tuya yanzu, a kan murhun gas, ita kuma tana zaune daga ƙofar zaure tana karɓar kuɗi.

## Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki

A ganina, kwanakin da aka rasa tsakanin rana ta biyu da ta biyar ciwo ne ya cinye su. Maganin ƙwayoyin cuta da turiri da oksijin duk suna da amfaninsu, zura kyamara kuma ya ceto ta a ranar da aka yi shi, amma babu ɗayansu da ya taɓa dalilin taruwar majinar, shi ya sa ta fara dawowa cikin kwana guda. Rubuta maganin ciwo “idan ta nema” yana aiki ga mai nema. Dattijuwar da ta tashi a kan cewa dauriya mutunci ce, ga surukai zagaye da gado, ga maganar ɗanta a kunnenta, ba za ta nema ba. Kuma mai kwance shiru bayan aikin ƙirji yana iya faɗin gaskiya in ya ce da sauƙi. Sai ya yi tari ake sanin inda yake. Ƙa'idojin saurin murmurewa bayan aikin huhu da ƙungiyoyin likitocin tiyata na Turai suka fitar a 2019 sun tsaya a kan waɗannan abubuwa: a haɗa magungunan ciwo iri-iri tare da kashe jijiya, a tayar da majinyaci cikin awa 24, a cire roba da zarar ta gama aiki, a kuma yi wa mutum bayani tun kafin a shiga da shi. Babu na'ura mai tsada a ciki.

Ba na ɗora wa iyalin laifi, kuma ba na so mai karatu ya ɗora musu. 'Yar da ta hana tafiya, ɗan da ya ji tsoron allura, ƙanwar da ta ɗaure roba, kowannensu kare ta yake yi da iyakar saninsa. A asibitocinmu mai jinya ne ke gefen gado dare da rana, shi ke sayo magani, shi ke ba da abinci, shi ke juya mara lafiya. Da aka ba su bayani, su ne suka fi kowa tsayawa a kan tafiya da numfashi. Bayanin na nan tun farko, sai dai an yi shi ga wanda ya sa hannu a takarda, ba ga waɗanda za su kwana a kan tabarma a gefen gado ba, kuma ba a sake shi ba da aka yi canjin mai jinya.

Yoyon iska dabam yake. Yana faruwa ko an yi komai daidai. Na'urar zuƙa ba ta taimaka mata ba, facin jini ya zo daidai da tsayawarsa, kuma abu ne da ba ya buƙatar fiye da sirinji da hannu mai tsabta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tun kafin ta zo asibitinmu. Fara maganin tibi a kan hoto irin nata abu ne da ake yi, kuma yana ceton mutane da yawa. Amma awon kaki biyu ba su nuna ƙwayar ba, mai tarin fuka kuma da ke shan magani daidai yakan fara jin sauƙi cikin makonni. Wanda ya wuce shekara 40, ya yi wata biyu a kan magani tari na nan, rama na ƙaruwa, ya kamata a tura shi gaba a yi masa sikanin, ko da bai taɓa riƙe karan sigari ba. A Zariya akwai cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Hajiya ta shiga wata na bakwai da fara tari kafin a rubuta mata takardar zuwa babban asibiti.